Kangal Harinath na Kumarkhali: Waƙa da Aikin Jarida a Karkarar Bengal, 1833–1896

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rayuwar Harinath Majumdar, wanda aka fi sani da Kangal Harinath, mawaƙi kuma ɗan jarida mai zaman kansa da ya rayu a karkarar Bengal zamanin mulkin Turawan Ingila a Indiya. Abin da take ƙoƙarin tabbatarwa shi ne jaridarsa da waƙoƙinsa aiki guda ne da ya bi ta hanyoyi biyu, kuma komawar da ya yi ga waƙa a ƙarshen rayuwarsa ci gaba ne da magana da talakawan da ya kafa jaridar dominsu.

Yanayin da ya taso a ciki

An haifi Harinath a shekarar 1833 a Kumarkhali, wani ƙaramin gari a bakin kogin Gorai, wanda ya taɓa kasancewa cikin gundumar Nadiya, a yau kuma yana gundumar Kushtiya ta ƙasar Bangaladash. Ya rasa iyayensa tun yana ƙarami, talauci ya yanke masa karatu kafin ya yi nisa, har ya zama dole ya nemi abin sakawa a bakin salati, ciki har da ɗan aikin da ya taɓa yi a wata masana'antar shuni ta Turawa.

Karkarar da ya buɗi ido a cikinta tana ƙarƙashin tsarin mallakar ƙasa da Gwamna Cornwallis ya kafa a 1793, wanda ya tsayar da harajin da gwamnati ke karɓa a kan adadi guda har abada, ya kuma miƙa mallakar gonaki ga zamindar, wato attajiran da ke tara kuɗin ƙasa daga manoma su biya gwamnati kasonta. Tun da abin da suke biya ba ya ƙaruwa, duk abin da suka ƙara tatsa daga manomi ribarsu ce, saboda haka ƙarin kuɗin haya da tara da kuɗaɗen da doka ba ta san da su ba suka zama ruwan dare. A gefe guda kuma ga Turawa masu sana'ar shuni, waɗanda kan ba manomi kuɗin kafin alƙalami su tilasta masa shuka baba a gonarsa mafi albarka maimakon shinkafa, sannan su sayi amfanin da farashin da ba zai taɓa fitar da shi daga bashi ba. Wannan zalunci ne ya haifar da boren manoman baba na 1859 zuwa 1860, wanda ya tashi daga gundumar Nadiya ɗin nan.

Jaridar ƙauye

Harinath ya fara da koyarwa, inda ya buɗe makarantar da ake karatu da harshen Bengali a Kumarkhali a 1855, ya kuma sa hannu wajen kafa ta 'yan mata a shekara mai bi mata. A wannan lokaci yana aika rahotannin halin da manoma ke ciki zuwa jaridar Sambad Prabhakar ta Kalkata, wadda Ishwar Chandra Gupta ke shugabanta. Sai dai jaridun birni, komai kyakkyawar niyyarsu, labarin ƙauye ɗan cikon shafi ne a wurinsu, don haka a 1863 ya kafa tasa mai suna Grambarta Prakashika, ma'ana mai bayyana labaran ƙauye. Ta fara fitowa wata-wata, daga baya ta koma duk mako biyu, sannan mako-mako, ana sayar da ita paisa ɗaya, wato ɗan ƙaramin kwabon ƙasar.

A shekarun farko a Kalkata ake buga ta, abin da ke nufin sai an aika rubutu birni a jira ya dawo a buge, labari kuwa ba ya jiran kwale-kwale. A 1873 aka girka injin buga takardu a Kumarkhali da taimakon abokinsa Mathuranath Maitreya, aka kuma sa wa maɗaba'ar sunan abokin. Wannan mataki ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin ɗan jaridar da ke da injin kansa, ana jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da hannu a ƙofar gidansa, babu mai maɗaba'ar da tsoro zai sa ya mayar masa da rubutu. Shekarar ta zo daidai da boren manoman Pabna, gundumar da ke maƙwabtaka, inda manoma suka haɗa kai suka ƙi biyan ƙarin haya suka kai masu ƙasa kotu, rikicin da ya kasance cikin dalilan da suka kai ga dokar kare masu hayar gona ta Bengal ta 1885.

Abin da ya bambanta jaridar shi ne kusancinta da waɗanda take zargi. Editan Kalkata zai iya sukar zamindar a dunƙule ya kwana lafiya, amma Harinath yana rubutu ne a kan wakilan masu ƙasa da masu ba da bashi da ruwa da 'yan sandan da yake haɗuwa da su a kasuwa. Bai ƙyale ko gandun gidan Tagore da ke Shilaidaha ba, duk da girman gidan a fagen ilimi da gyaran addini, domin ya ga yadda ma'aikatansu ke matsa wa manoma. Akwai riwayar da ta shahara a yankin cewa lokacin da aka turo masa ƙarti masu gora, almajiran wani mawaƙi mai suna Lalon Fakir ne suka fito suka kare shi. Ko da a ɗauke ta a matsayin labarin baka, tana nuna inda mutanen karkara suka ajiye shi a ransu.

Adalci ya buƙaci a faɗi iyakar aikin nasa. Kamar yawancin 'yan jaridar zamaninsa, kukan manoma yake kaiwa ga hukuma domin ta gyara, bai kai ga kiran a kawar da mulkin mallaka ba. Wannan bai rage darajar abin da ya yi ba, musamman idan aka tuna cewa a 1878 gwamnatin mulkin mallaka ƙarƙashin Lytton ta kafa dokar da ta ba jami'ai ikon ƙwace injin duk jaridar harshen gida da suka ga tana tunzura jama'a. Abin da ya durƙusar da jaridar a shekarun 1880 kuwa bashi ne, domin waɗanda take karewa ba su iya karatu ba balle su saya, masu kuɗin saye kuma su ne take tona wa asiri.

Daga injin bugawa zuwa waƙa

Wajen 1880 Harinath ya kafa rukunin mawaƙa irin na Baul, yana sa hannu a waƙoƙinsa da laƙabin Fikirchand, ko Kangal, wato matalauci. Baul mawaƙa ne masu yawo ƙauye-ƙauye, Musulmi da Hindu a cakuɗe, suna rera waƙoƙin neman kusanci ga Mahalicci da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kira ektara, ba sa kuma ba bambancin asali ko ɗabaƙa wani muhimmanci. Jagoransu mafi shahara, Lalon, yana zaune ne a Chheuriya, kusa da Kushtiya, har rasuwarsa a 1890.

Akan fassara wannan mataki da cewa gajiya ce ta sa ɗan gwagwarmaya ya koma ga ibada, amma fassarar ba ta yi la'akari da matsalar da ta addabi jaridar tun farko ba. Takarda tana isa ga alƙali da malamin makaranta, manomin da ake magana a kansa kuwa sai an karanta masa. Waƙa ba ta buƙatar paisa ko sanin haruffa, kuma babu dokar da za ta ƙwace ta daga bakin mai tuƙa kwale-kwale. Gaskiya ne waƙoƙin sun fi karkata ga mutuwa da ƙarewar duniya da wofintar dukiya fiye da batun haya, sai dai waƙar da ke tunatar da mai ƙasa da ɗan haya cewa makomarsu ɗaya, a cikin al'ummar da aka gina kan fifiko, ba ta yi nisa da shafin jaridar ba. Ɗaya daga cikinsu ta kai ga kunnen duniya a 1955, lokacin da Satyajit Ray ya sa ta a bakin wata tsohuwa a fim ɗinsa Pather Panchali.

Gidan nasa ya kuma zama makarantar marubuta, waɗanda suka haɗa da masanin tarihi Akshay Kumar Maitreya, da Jaladhar Sen, da Mir Mosharraf Hossain, Musulmin da ya rubuta wasan kwaikwayon Jamidar Darpan a kan zaluncin masu ƙasa, da kuma littafin Bishad Sindhu a kan waƙi'ar Karbala. Harinath ya rasu a Kumarkhali a watan Afrilu na 1896, kuma a yau akwai gidan tarihi da ke ɗauke da sunansa a garin. Ya kamata masu nazarin tarihin manoman Bengal su riƙa karanta shafukan Grambarta da suka tsira kafaɗa da kafaɗa da rahotannin jami'an mulkin mallaka, domin su ne bayanin da aka rubuta daga cikin ƙauyen.