Palmer: Baturen da Sunansa Ke Nufin Alhaji

Duk wanda ya karanta tarihin Katsina ya ci karo da sunan Herbert Richmond Palmer, Baturen mulkin da ya tsaya kai da fata aka naɗa Durbi Muhammadu Dikko sarki bayan an tuɓe Sarki Yero a 1906. Shi ne kuma ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908, ya riƙe Arewa a matsayin Laftanar-Gwamna daga 1925 zuwa 1930. Amma ba kasafai muke tambayar ma'anar sunan nasa ba.

A Ingila ta dā, mutumin da ya je ziyarar ibada Ƙudus yakan dawo da reshen dabino a matsayin shaida. Daga kalmar Latin ta dabino aka samo laƙabin, ya bi ta tsohon Faransanci ya shiga Ingilishi. Ke nan, da Bahaushe ne ya raɗa sunan, Alhaji zai ce. Abin sha'awa, sarkin da wannan “Alhajin” ya ɗaure wa gindi shi ne ya sauke farali a 1921, har ya biya ta Ingila a wannan tafiya.

Turawan ma ba da sunan iyali suka tashi ba. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066 ne al'adar ta fara kankama a gidajen masu filaye, ta gangaro ga talakawa sannu a hankali, har zuwa wajajen 1400 yawancin gidaje suka sami sunan da ɗa ke gada daga uba. Haraji da gadon gona ne suka tura ta, domin mai karɓar haraji yana son ya bambance John ɗin da ya biya da wanda bai biya ba. Sai aka ɗauki sana'a ko gari ko laƙabi aka maƙala: Smith maƙeri ne, Taylor kuwa shi ne telanmu. Jikokin maƙeri suka bar maƙera, sunan bai bar su ba.

Mu kuwa tsarinmu daban ne. Sunan yanka, sai na uba, sai laƙabi, kuma kowane ƙarni da nasa. Da makarantar boko ta zo, musamman Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, rajista ta nemi suna na biyu. Aji cike yake da Muhammadu da Abubakar, ga kuma kunyar ambaton sunan mahaifi, sai sunan gari ya cike gurbin. Haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a makaranta. Abin da ya ci Turawa shekaru ɗari uku, mu a 'yan shekaru aka ɗora mana shi.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar kan iyakar Jibiya. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, tsohuwar zuriyar sarauta ta yi arewa ta kafa Maraɗi, inda har gobe ake kiran mai mulki Sarkin Katsina. Yarjeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin dangi. Daga Magama zuwa Ɗan Isa tafiya kaɗan ce, amma Usman ya koma Ousmane, Abubakar ya koma Aboubacar. Wa ya rubuta Jibiya a takardarsa ta Najeriya, ƙane ya rubuta sunan ubansu a ta Nijar. Uwa ɗaya, uba ɗaya, takardu sun raba su.

A dā wannan bai dami kowa ba, tunda mai unguwa ya san ɗan wane ne kowa. Yau kwamfuta ce mai shaida, ita kuwa ba ta san dangi ba, haruffa take gwadawa. Mu masu rubuta manhaja mun gaji gurbin “sunan iyali” daga tsarin Ingila, mun sa shi dole a kowane fom. Sakamakon shi ne suna ɗaya a lambar NIN, wani a BVN, wani a takardar makaranta, sai asusun banki ya maƙale ko fasfo ya gagara.

Gyaran gida biyu ne. Mu masu manhaja mu ware gurbin sunan uba da na kaka da na gari, mu koya wa na'ura cewa Ousmane da Usman mutum ɗaya ne. Iyaye kuma su zauna su tsayar da suna guda da rubutu guda tun daga takardar haihuwa, domin abin da aka rubuta wa jariri yau shi jikokinsa za su ɗauka.