Yaƙin Sari-ka-noƙe: Yadda Dabarar Mai Rauni Ta Zama Ilimin Yaƙi

Yaƙin sari-ka-noƙe shi ne salon da ɓangaren da ya fi rauni yake bi idan ya tabbata karon gaba da gaba zai hallaka shi, sai ya guji fagen daga, ya rarraba mayaƙansa ƙungiya-ƙungiya, su riƙa faɗa wa ayarin guzuri da 'yan aike da ƙananan sansanonin abokin gaba, su ɓace kafin gudummawa ta iso. Dabarar ta girmi rubutaccen tarihi, domin duk al'ummar da ta zauna a kan duwatsu ko cikin kurmi kusa da daula mai ƙarfi ta san ta, kamar yadda mutanen Ningi suka shafe fiye da shekara hamsin a ƙarni na 19 suna saukowa daga duwatsunsu suna kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau, aka kuma kasa murƙushe su. Abin da yake sabo shi ne mayar da ita ilimi mai ƙa'idoji da ake rubutawa ana koyarwa.

Masu hikaya sun riga masana yaƙi gano bakin zaren. A cikin Kalila wa Dimna, littafin da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, akwai labarin 'yar tsuntsuwar da giwa ta tattake wa ƙwai, wadda ta roƙi hankaki suka tsone wa giwar idanu, sannan ta sa kwaɗi suka yi ta kuka a cikin rami mai zurfi, har giwar da ƙishirwa ta dama ta zaci ruwa ne ta afka ciki. Hikayar ta kama gaskiya guda, wato mai ƙarfi yana faɗuwa ne bayan an makantar da shi an raba shi da abin da yake rayuwa a kai, amma ta yi shiru game da tsawon lokacin da aikin yake ci da yawan waɗanda suke mutuwa kafin a kai ga ramin.

Daular Rum ta ɗanɗana wannan tsawon lokaci a shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'ad da Hannibal, sarkin yaƙin Kartaj, ya ragargaza rundunoninta a cikin Italiya. Fabius Maximus, wanda aka danƙa wa jan ragama, ya ƙi yarda a yi karo, ya riƙa bin Hannibal ta kan tuddai yana kashe masu nemo masa abinci. Rumawa suka ga abin tamkar ragwanci, suka koma ga fito-na-fito, aka yi musu kisan gilla a Cannae a shekarar da ta biyo, sannan suka dawo kan shawararsa. Duk da haka ba jinkirin Fabius ne ya rufe yaƙin ba, sai karon Zama a shekara ta 202.

Ƙasar da dabarar ta sami sunan da Turawa suke kiranta da shi har yau, wato gerila ko ƙaramin yaƙi, ita ce Sifaniya, kuma dalilin yana cikin salon yaƙin Napoleon kansa. Rundunoninsa sun fi na kowa sauri saboda ba sa ɗaukar guzuri mai yawa, abin da suka tarar a ƙasar da suka shiga shi suke ci, kuma burinsa kullum shi ne karo guda mai yanke hukunci wanda bayansa sarkin da aka ci zai sa hannu a takardar sulhu. A 1808 ya tsare gidan sarautar Sifaniya a Faransa ya ɗora ɗan'uwansa Joseph a gadon mulki, ta haka ya rasa wanda zai sa masa hannu a madadin jama'a. Mutanen Madrid suka yi bore ranar 2 ga Mayu, aka harbe ɗaruruwa washegari, wutar ta bazu ko'ina. Rundunonin Sifaniya na hukuma sun yi nasara a Bailén a watan Yuli, amma daga baya aka yi ta fatattakar su, har aka karya lagonsu a Ocaña a 1809. Sojojin da suka watse, da makiyaya, da 'yan fasa-ƙwauri da suka san kowace ƙofar dutse, da limaman coci, su ne suka zama ƙungiyoyin da Juan Martín Díez, wanda ake wa laƙabi da El Empecinado, da Francisco Espoz y Mina na lardin Navarre, da limami Jerónimo Merino suka jagoranta.

Aikinsu a ido ƙarami ne. Sojojin Faransa talatin za su shiga ƙauye neman alkama da alfadarai, a tare su a mashigar dutse a kan hanyar komowa, a kwashe bindigogi da takalma, kafin barade su iso daga sansani maharan sun koma manoma riƙe da fartanya. Amma da irin wannan ta taru, sai ta kai wasiƙa guda daga Madrid zuwa iyakar Faransa tana bukatar rakiyar mahaya ɗaruruwa, kowace gada da kowace mararraba kuma sai an gina mata ƙaramar ganuwa an zuba dakaru. Wasiƙun da aka ƙwace ana miƙa su ga Wellington, kwamandan rundunar Ingila da Fotugal, inda wani hafsansa, George Scovell, ya warware rubutun sirrin Faransawa, har ya zama Wellington ya kan san halin da janar-janar na Faransa suke ciki fiye da yadda suka san na junansu. A wajen 1811 Faransa tana da soja fiye da 300,000 a yankin, amma a Salamanca a 1812 kimanin 50,000 kawai Marmont, kwamandan Faransa a wurin, ya iya tarawa, a Vitoria kuma a watan Yunin 1813 an ci Joseph da yaƙi alhali rundunar Janar Clauzel, wadda aka tura farautar Mina, ba ta iso ba. Nan ne asirin abin yake: idan Faransawa suka bazu don tsare ƙasa Wellington ya buge su, idan suka taru don fuskantar Wellington ƙasar ta suɓuce musu. Tsakanin rundunar Wellington da 'yan sari-ka-noƙe, babu wanda zai iya shi kaɗai.

Talakan ƙauye ne ya biya kuɗin wannan nasara, domin Faransawa suna rataye mazauna garin da aka kai hari kusa da shi, 'yan sari-ka-noƙe kuma suna yanka wanda suka zarga da haɗa baki, kowane ɓangare yana kwashe rumbu ɗaya. Zane-zane 82 da Francisco Goya ya yi a kan masifun wannan yaƙi, waɗanda ba a buga su ba sai 1863, ba su wanke kowa ba. El Empecinado kansa, sarkin da ya yi wa yaƙi, Ferdinand na Bakwai, shi ya sa aka rataye shi a 1825 saboda goyon bayan tsarin mulki.

Daga wannan darasi ne Carl von Clausewitz, hafsan Furushiya, ya keɓe babi a littafinsa na yaƙi da aka buga a 1832, inda ya bayyana cewa jama'ar da ta ɗauki makami kada ta tunkari tsakiyar rundunar abokin gaba, ta riƙa gutsurar gefe-gefe, kuma amfaninta ba ya cika sai an haɗa ta da runduna ta hukuma. Marubutan ƙagaggun labarai sun fi karkata ga ɗaya gefen. Leo Tolstoy, a littafinsa na Yaƙi da Zaman Lafiya wanda ya kammala a 1869, ya ɗaukaka zuciyar talakan Rasha a kan dabarun janar-janar wajen hallaka rundunar Napoleon a 1812, ya kuma gina tauraronsa Denisov a kan Denis Davydov, wanda ya fara kai hare-hare da mahaya kimanin 130. Masana tarihi sun nuna cewa yunwa da cuta da mutuwar dawaki sun cinye babban kaso na rundunar tun kafin sanyi ya sauka, kuma rundunar Rasha ta hukuma ƙarƙashin Kutuzov ce ta tilasta mata komawa ta hanyar da ta riga ta cinye. Amma ya kamata a yi wa Tolstoy adalci, domin bai ƙawata abin ba: yaro Petya Rostov ya mutu a harin da ba ya bukatarsa, fursunoni kuma ba kullum ake barinsu da rai ba. Labaran baya, irin su Dune na Frank Herbert na 1965 da fina-finan Star Wars da suka fara a 1977, su kan dunƙule gwagwarmayar ta ƙare da bugu guda mai ban mamaki, saboda hari dubu masu kama da juna ba su da daɗin bayarwa.

Mao Zedong ne ya kammala tsara ƙa'idar a 1938, lokacin da Japan take mamaye Sin, ya kasa dogon yaƙi mataki uku: ja da baya da kare kai, sannan cankacakare inda ƙananan hare-hare suke cin ƙarfin abokin gaba, sannan farmaki da cikakkiyar runduna. Vo Nguyen Giap ya bi wannan tsari a Biyetnam, kuma abin lura shi ne Dien Bien Phu, inda Faransa ta miƙa wuya ranar 7 ga Mayun 1954, ƙawanya ce ta manyan igwogi da aka ja da hannu zuwa kan tsaunuka, kamar yadda tankoki ne suka shiga Saigon a 1975. Inda babu goyon bayan jama'a ko mafaka a bayan iyaka, dabarar ta sha kashi, kamar a Malaya tsakanin 1948 da 1960, da Bolibiya inda aka kashe Che Guevara a 1967.

Aljeriya ta nuna wata hanya ta dabam. Ƙungiyar neman 'yanci ta FLN ta fara yaƙi ranar 1 ga Nuwamban 1954, Faransa ta jibge soja kimanin 400,000, ta kafa shingen waya mai lantarki a iyakar Tunisiya, ta kwashe mutanen karkara wajen miliyan 2 daga ƙauyukansu zuwa sansanoni don raba mayaƙa da masu ciyar da su, kuma zuwa 1960 farmakin Janar Challe ya kusan gamawa da mayaƙan da suke cikin ƙasar. Sai dai tsadar yaƙin, da labarin azabtar da fursunoni, da matsin lambar duniya sun riga sun raba kan Faransawa har sun rushe Jamhuriya ta Huɗu a 1958, don haka shugaban Faransa De Gaulle ya zauna teburin sulhu da waɗanda sojojinsa suka ce sun ci da yaƙi, aka sa hannu a Evian a watan Maris na 1962. Masana tarihi suna ƙiyasta 'yan Aljeriya da suka mutu da dubban ɗaruruwa, gwamnatin ƙasar kuma tana cewa miliyan ɗaya da rabi ne.