Hanyoyin Duwatsun Mokolo da Waɗanda Suka Share Su

Mokolo gari ne madaidaici a cikin Duwatsun Mandara, a arewa mai nisa ta ƙasar Kamaru, wajen kilomita 80 yamma da Marwa. Shekaru da yawa baƙi daga Turai sukan sauka a nan, su ɗauki ɗan jagora, su bi hanyoyin ƙafa domin kallon ƙasa. Waɗansu sukan nufi kudu zuwa Rumsiki, tafiyar kilomita 55, inda duwatsu suke tsaye kamar turaku, ragowar aman wuta na zamanin dā. Waɗansu kuwa sukan yi arewa ta mashigin Koza, su gangara zuwa kurmin Mozogo-Gokoro. Amma ya kamata mai karatu ya sani, hanyoyin nan sun girmi yawon buɗe ido nesa ba kusa ba, gama tsoro da noma da fatauci ne suka share su.

Mutanen Mafa da na Kapsiki sun daɗe a bisa duwatsun nan. A gindinsu akwai daular Mandara, wadda babban birninta ya koma Mora, daga baya kuma Fulani suka kafa mulki a ƙarni na 19. Mahayan dawakai sukan fito neman bayi, mutanen dutse kuwa suka gane doki ba ya iya hawa inda akuya take hawa. Saboda haka suka gina gidajensu a tsakanin duwatsu, suka yi hanyoyi ƙanana masu karkacewa, waɗanda mutum ɗaya kaɗai zai iya bi. Wannan wahala ba ta ƙare da wuri ba. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin da aka rubuta al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki kuwa akwai lissafin hare-haren da ya aika da yawan bayin da aka kamo. Sai a 1927 Ingilishi suka tuɓe shi.

Wanda ya tsira da ransa dole ya ci abinci. Mutanen suka tsince duwatsu da hannu, suka jera su suna tokare ƙasa, har gangaren ya zama gonaki hawa-hawa daga gindi zuwa ƙwanƙoli. Jeren nan yana tare ruwan sama, yana hana zaizaya, amma kowace shekara sai an gyara shi kafin damina. Mafa sukan shuka dawa bana, baɗi su shuka gero, domin ƙasa ta huta. Hanyar da baƙo yake tsayawa a kai yana ɗaukar hoto, ita ce mata suke bi da tulu a ka, maza kuma da kwandon taki.

Sa'an nan akwai ƙarfe. A dā mata sukan tace baƙin yashi daga rafuffuka, a narka shi a matoya, a kai sandunan ƙarfe kasuwa. Sukur, wadda take hayin iyaka kusa da Madagali, ta yi suna a wannan sana'a, har aka shimfiɗa hanyoyi da faffaɗan duwatsu zuwa fadar sarkinta, wato Hidi. A lokacin babu iyaka tsakanin Sukur da Mokolo. Jamus ce ta mallaki dukan yankin, har sojojinta suka yi tsayayya a kan dutsen Mora daga 1914 zuwa Fabrairu 1916. Bayan yaƙin Faransa da Ingila suka raba ƙasar, a 1961 kuma ɓangaren Ingila na arewa ya zaɓi shiga Nijeriya. Ta haka kabila ɗaya ta zama Kapsiki a Kamaru, Higi a Nijeriya, ko da yake hanyoyin ƙafa ba su daina haɗa dangi ba.

Daga baya hukuma ta shiga kiyaye wuraren. A 1968 aka mai da Mozogo-Gokoro gandun daji na ƙasa, kadada wajen 1,400, ɗan abin da ya rage na kurmin da gatari bai ci ba. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin kayan gādo na duniya, a 2025 kuma ta ƙara da kufan Diy-Gid-Biy, gine-ginen dutse marasa laka da suke ƙasar Mafa.

Amma tsoro ya sāke komowa. A Fabrairu 2013 'yan Boko Haram suka sace wani iyali na Faransawa kusa da Waza, a 2014 kuma suka kai wa Sukur hari. Baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora da masu saƙa suka rasa abin yi, mutanen ƙauyuka da yawa kuwa suka tsere ta hanyoyin da kakanninsu suka tsere.

'Yan'uwa, hanya ba ta rayuwa sai ana taka ta, jeren dutse kuma ba ya tsayawa sai ana gyara shi. Idan manomi ya bar dutse, damina kaɗan sun isa su rushe aikin kakanni. Duk wanda Allah ya ba shi zarafin hawan waɗannan duwatsu, bari ya gai da manomin da ya tarar a hanya da ladabi, gama a cikin gonarsa yake tafiya.