Faɗuwar Alƙalawa: Ƙaddara Ce Ko Aikin Hannun Mutum?

Karatu: Farawa 50:15-21, Ishaya 10:5-15, Ayyukan Manzanni 2:22-24

Akwai wata magana da ba ta rabuwa da bakinmu a ƙasar Hausa, Kirista da Musulmi duka. In gona ta ƙi, ko gari ya watse, ko aka kashe mutum a hanya, sai mu ce haka Allah ya ƙaddara. Maganar tana da gaskiya a cikinta, tana kuma sanyaya zuciya. Amma in Allah ne ya rubuta kome, me ya rage a hannun mutum? Don mu sami amsa, bari mu leƙa tarihin Gobir.

Ba nisa da Sabon Birni akwai kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir a zamanin ƙarfinta. Sarakuna uku na wannan birni sun fuskanci malami guda, wato Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kowannensu kuwa da yadda ya yi da shi. Wajen shekara ta 1788 Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi masu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan sarƙa, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Da Nafata ya hau, sai ya juya: ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai, ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya ƙara gaba. A ƙarshen 1803 rundunarsa ta faɗa wa Gimbana, garin Abdussalami, ta kwashi mutane bayi. Mutanen Shehu suka tare su kusa da Degel suka kwance kamammun. Daga nan babu sauran gyara.

A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, Gobir ta sha kashi. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka haɗu a Tsuntsuwa, a nan jama'ar Shehu ce ta yi babbar hasara. Sai a watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun Muhammadu Bello, aka kashe Yunfa.

Mu da ke duban abin daga nesa muna ganinsa kamar kogin da ba shi da wata hanya sai wadda ya bi. Amma a kowace kwana akwai mutum da ya zauna, ya saurari shawara, ya ce i ko a'a. Ba wanda ya riƙe hannun Nafata lokacin da ya kafa dokarsa. Abin da Bawa ya yi ya nuna cewa wata hanyar tana buɗe.

Abin da ya biyo baya ma haka yake. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da gaba da Sakkwato. Bayan wasu shekaru Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Gida ɗaya, rashi ɗaya, hanya biyu. Akwai kuma abin da ba su zaɓa ba. Tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta jan iyaka a kan takarda, Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa ɓangaren Ingila, ba a tambayi Bagobiri ko ɗaya ba. Rayuwarmu ke nan: wani abu a kanmu yake sauka, wani daga hannunmu yake fita.

Masana sun daɗe suna kokawa da wannan. A cikin ikkilisiya, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi jayayya da Felajiyas, wanda ya koyar cewa mutum yana iya yin adalci da ƙarfin kansa. Majalisar Kartaj ta ƙi wannan koyarwa a 418. A 1524 da 1525 Irasmus da Martin Luta suka sake ta da batun a rubuce. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha wannan muhawara. Jabariyya suka ce mutum tilasta shi ake yi, Ƙadariyya suka ce shi ke halittar aikinsa, sai Imam Ash'ari ya koyar cewa Allah ke halitta, bawa kuma yana ɗaukar alhakin abin da ya aikata.

Kuskuren da muke yawan yi shi ne mu ɗauki nufin Allah da zaɓin mutum kamar magada biyu da ke rabon gona, in rabon ɗaya ya ƙaru na ɗayan ya ragu. Ku ɗauki damin gero guda. Wane zangarniya ce ta ruwan sama, wace ce ta fartanya? Ba a raba su. Dukan damin daga ruwa yake, dukansa kuma daga gumin manomi yake. Haka Littafi Mai Tsarki yake magana. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa cewa mugunta suka nufa, Allah kuwa ya nufi alheri, a cikin aiki guda. Ishaya ya kira Assuriya sanda a hannun Allah, duk da haka ya ce za a hukunta sarkinta saboda girmankansa. Bitrus a ranar Fentikos ya ce bisa shirin Allah aka ba da Yesu, a numfashi ɗaya kuma ya ce wa masu jinsa ku kuka kashe shi. Ba su ce ƙaddara ce ba. Zukatansu suka soku, suka tuba.

Me ya sa wannan ya dame mu yau? Tun wajen 2019 'yan bindiga sun addabi Sabon Birni da Isa da ƙauyuka irin su Kamarawa, dubban mutane suka tsere zuwa jihar Maraɗi. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A irin wannan lokaci kalmar ƙaddara tana iya zama magani, tana kuma iya zama dafi. Ga gwauruwar da ta rasa miji, sanin cewa mulki bai kuɓuce daga hannun Allah ba shi ne ke riƙe ta. Amma wanda ya harba bindiga, da mai kai masa labari, da mai sayen shanun sata, da shugaban da ya kau da kai, babu wanda zai ɓuya a bayan wannan kalma. Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, in ji Yakubu. Mu ma kada mu naɗe hannu. Karɓar ɗan gudun hijira, Musulmi ne ko Kirista, da ƙin cin haram, da faɗin gaskiya a gaban masu iko, duk suna hannunmu. Bulus ya ce wa Filibiyawa su yi aikin cetonsu da rawar jiki, dalilin da ya bayar kuwa shi ne, Allah ne ke aiki a cikinsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne mai ɗaga birane, kai ne mai sauke su. Ka ba mu haƙuri a kan abin da ya fi ƙarfinmu, ka hana mu jingina maka laifin da yake namu. Ka ta'azantar da mutanen Gobir, ka juyo da zukatan masu zub da jini. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.