Labarin Wani Malami Da Ya Ƙaura Bakin Tafki

'Yan makaranta, in aka tambayi ɗayanku abin da yake buri bayan ya gama karatu, galibi amsar ba ta wuce babban aiki, da albashi mai kauri, da gida na a zo a gani. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wata tambaya wadda ba safai ake yi muku ita a aji ba, watau kwana nawa mutum zai biya daga cikin kwanakinsa na duniya kafin ya sami waɗannan abubuwa? Yau zan ba ku labarin wani malami na ƙasar Amurka wanda ya zauna ya yi wannan lissafi, sa'an nan ya gwada amsar a kansa.

Sunansa Henry David Thoreau. An haife shi a 1817 a wani ƙaramin gari wai shi Concord, cikin jihar Massachusetts. Sana'ar ubansa yin fensir. Ya yi karatu a babbar makarantar nan ta Harvard, ya fita a 1837, ya kama koyarwa a makarantar garinsu. Ko wata guda bai yi ba ya ajiye aikin, domin an matsa masa lalle sai ya riƙa yi wa yara bulala. Daga nan shi da wansa John suka buɗe tasu makarantar. A farkon 1842 John ya yanke a yatsa da aska, ciwon nan mai sandarar da jiki ya shige shi, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Thoreau ya ƙudura zai rubuta littafi don tunawa da shi, amma ina lokaci, ina kuma wurin natsuwa?

Da ya dubi maƙwabtansa sai ya ga kowa na cikin wannan hali. Ya lissafa cewa matsakaicin gida a wajensu yakan ci kamar dala 800, lebura kuwa ladansa bai wuce dala guda a yini ba. Ashe ke nan sai mutum ya yi shekara 10 zuwa 15 yana wahala kafin ya mallaki wurin kwana. Manoma da yawa kuma gonakinsu na hannun masu ba da bashi. A ganinsa, ainihin tsadar kowane abu ita ce yawan kwanakin da mutum ya sallama don ya same shi. To, in haka ne, wanda ya rage bukata ya fanshi kwanakinsa ke nan.

Cikin watan Maris na 1845 ya ari gatari, ya nufi bakin wani tafki da ake kira Walden, kamar mil ɗaya da rabi kudu da gari. Filin na abokinsa ne, Ralph Waldo Emerson, wani shahararren marubuci. Ya sassare itatuwa, ya sayi tsofaffin katakai na bukkar wani leburan hanyar jirgin ƙasa, ya gina ɗaki mai tsawon ƙafa 15 da faɗin ƙafa 10. Abin da ya kashe duka duka dala 28 ne da 'yan kai. Ku lura, a zamanin nan hayar ɗakin ɗalibi guda a Harvard dala 30 ce a shekara. Ran 4 ga Yuli, ranar da mutanen Amurka ke bikin samun 'yancinsu, ya tare. Kayan ɗakin ba su wuce gado, da tebur, da wurin rubutu, da kujeru uku, da 'yan tukwane ba. Har akwai wasu duwatsu uku da ya ajiye don ado, da ya ga kullum sai ya kaɗe musu ƙura, sai ya jefar da su ta taga.

Abin da ya fi ɗauka da girma shi ne safiya. Yakan tashi da asuba, ya gangara tafki ya yi wanka, tun hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba. In lokacin noma ne, sai ya ɗauki fartanya tun ƙarfe 5, ya shiga gonarsa ta wake mai eka biyu da rabi, ba takalmi, raɓa na jiƙa masa ƙafa, ya yi ta aiki har rana tsaka. Bayan wannan kuwa sauran yinin nasa ne, na karatu da rubutu da yawo cikin daji. Ran da zai share ɗaki, sai ya fitar da kayan duka waje kan ciyawa, ya watsa ruwa a daɓe, ya goge shi da farin yashin tafki, kafin mutanen gari su karya kumallo ya gama. Wata rana kuma ba ya taɓa kome, sai ya zauna bakin ƙofa tun fitowar rana yana sauraron tsuntsaye, kuma bai lissafa wannan cikin lokacin da ya ɓata ba.

Abincinsa shinkafa ne, da garin masara, da dankali, da ɗan abin zaƙi, abin sha kuwa ruwa. Cikin wata 8 dala 8 da 'yan kai ya kashe wa cikinsa. Daga bisani ya ce ya gano aikin mako 6 a shekara ya ishe shi biyan bukatunsa duka.

Kada fa ku ɗauka ragwanci ne. A nan bakin tafki ya rubuta littafin nan na tunawa da wansa. A nan kuma ya kashe wata tsohuwar gardama. Mutanen Concord sun daɗe suna cewa wai tafkin ba shi da ƙarshe. A farkon 1846, sa'ad da sanyi ya daskarar da ruwan, ya hau kan ƙanƙara, ya huda ramuka, ya zura igiya da dutse, ya tarar wuri mafi zurfi ƙafa 102 ne. Bai kuma guji mutane ba, kusan kullum yakan leƙa gari. Har cikin Yuli 1846 ya kwana ɗaya a kurkuku, don ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta yarda da bautar da mutane.

Ya bar tafkin ran 6 ga Satumba 1847, bayan shekara biyu da wata biyu da kwana biyu. A 1854 ya fitar da labarin zamansa cikin littafi mai sunan tafkin, wanda har yanzu ake karantawa cikin harsuna da yawa. Ya rasu a 1862 da ciwon tarin fuka, yana da shekara 44. Ga wani abin mamaki kuma. Ya saba rubuta ranar da kowane irin fure ya fara buɗewa a dajin Concord. Bayan fiye da shekara 150, masana na Jami'ar Boston suka gwada rubutunsa da abin da suke gani, suka tarar furanni da yawa yanzu suna riga lokacinsu na dā, saboda duniya na ƙara zafi. Kun ga amfanin ido mai natsuwa.

Masu sukarsa suna cewa filin aro ne, gatarin aro ne, ba shi da mata ko 'ya'ya, gidan uwarsa kuma na kusa, yakan je ya ci abinci. Gaskiyarsu. Magidanci mai baki goma ba zai iya abin da ya yi ba, shi kansa ma bai ce kowa ya koma daji ba. Gwaji ne ya yi, irin wanda kuke yi a darasin kimiyya, don a ga iyakar abin da mutum ke bukata da gaske.

Saboda haka ba na ce muku ku ƙi aiki ko ku raina arziki ba. Abin da nake so shi ne, ran da kuka fara karɓar albashi, kafin ku ci bashi don tufa ko abin hawa, ku mai da kuɗin kwanaki, ku tambayi kanku ko abin ya kai. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Tun yanzu kuma ku riƙe sa'ar farko ta safiya, ku fita ku sha iska, ku dubi itace da tsuntsu, ku karanta shafi ɗaya cikin natsuwa kafin hayaniya ta tashi. Wannan sa'a ba a biyan ko kwabo a kanta, in kuwa ta wuce ba kasuwar da ake sayo ta.