Eriya Mai Murɗa Igiyar Rediyo: Tarihin Isar Sadarwa Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar noman da ta shimfiɗu daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta da Makoɗa tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, domin gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma itatuwan gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya na tsaye a tsakiyar shuka. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya nazarci kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoman wurin suke noma fili ɗaya kowace shekara da taimakon takin gargajiya. Jama'ar da rayuwarta ta rataya a kan kasuwa da farashin hatsi ba ta rabuwa da neman labari, don haka tarihin isar labari wannan yanki ya zama tarihin eriya, wato ƙarfen da ke sakin igiyar rediyo cikin iska ko ya cafko ta.

Rediyon farko da ya iso Kano a tsakiyar shekarun 1940 ta waya yake tafiya, ana jan ta daga tasha zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da dandali, saboda haka bai wuce birni ba. Karkara ta shigo ne da yaɗuwar ƙaramar rediyo mai batir, wadda ta zo daidai da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957 da kafa gidan rediyon Arewa a Kaduna a 1962. Shirye-shiryen gajeren zango suna tashi sama su bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki sannan su dawo ƙasa, kuma a wannan tafiya igiyar takan juya fuska, abin da ke cikin dalilan da murya kan dushe ta sake dawowa, mai saurare kuma ya yi ta karkata eriyarsa.

Igiyar rediyo tana da fuskar kaɗawa, wato ɓangaren da ƙarfin lantarkinta yake kai da komo, kuma Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da haka a gwaje-gwajensa na 1887 da 1888. Wanda ya ɗaure igiyar guga a turke yana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko dama da hagu, ko ya wulwula hannunsa ta riƙa tafiya tana murɗawa. Na farko da na biyu su ne miƙaƙƙiyar kaɗawa, na uku kuwa shi ne kaɗawa mai kewaye, wadda ke juyawa ta dama ko ta hagu. A miƙaƙƙiyar kaɗawa dole eriyar aikawa da ta karɓa su daidaita, domin karkatar digiri 45 tana cinye rabin ƙarfin saƙo, ta digiri 90 kuma tana kusan shafe shi. Igiya mai kewaye ba ta da wannan sharaɗi, kuma idan ta bugi rufin kwano ta dawo, juyinta yakan sauya daga dama zuwa hagu, sai eriya ta ƙi karɓar amsa-kuwwar da kan gurɓata saƙo.

Hanya mafi sauƙi ta samar da irin wannan igiya ta fito ne a 1946 daga hannun John Kraus na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, wanda ya naɗe waya zagaye bakwai, tsawon kowane zagaye daidai da tsawon zangon igiyar, ya tarar tana harba saƙo mai murɗawa ta bakinta, kuma tana aiki a kan mitoci masu yawa ba tare da an sauya girmanta ba. A shekarun 1950 aka ƙirƙiro eriya mai siffar dodon koɗi, wadda Victor Rumsey da John Dyson suka zurfafa nazarinta a Jami'ar Illinois. Da aka shiga zamanin tauraron ɗan'adam darajar waɗannan ƙere-ƙere ta bayyana, tun da tauraro yana juyawa a sararin samaniya, rufin iskar nan ma yana murɗa saƙon da ke ratsa shi, ta yadda babu mai sanin fuskar da miƙaƙƙiyar igiya za ta iso da ita. Gidajen FM da yawa a duniya su ma sun rungumi fasahar tun shekarun 1960, domin su isa ga eriyar mota da ke tsaye da ta gida da ke kwance a lokaci guda.

Mutanen Arewa da dama sun fara riƙe irin wannan eriya a hannu ne da zuwan wayar Thuraya ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta fara aiki a 2001, kuma kaurin eriyarta ya samo asali ne daga naɗaɗɗun wayoyin da ke ciki. Tsadarta ta taƙaita ta ga manyan 'yan kasuwa da jami'ai. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, Globacom ta biyo baya a 2003. Ƙarafan sabis da suka bi hanyar Katsina da ta Daura ba sa amfani da kaɗawa mai kewaye, sai dai suna magance matsalar ta wata dabara makusanciya, wato eriya biyu da aka gicciya a karkace, ta yadda duk yadda mutum ya riƙe wayarsa ɗaya za ta ji shi. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan jama'a sun sa ƙarfe ɗaya yana ɗaukar ƙauyuka da dama, har manomi ya iya jin farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota, a 2012 kuma gwamnatin tarayya ta fara rabon taki ta saƙon waya.

Wahalar da ta fi cin ƙarfin injiniyoyi ita ce haɗa kewayen da faɗin zango, wato yawan mitocin da eriya ke iya ɗauka, wanda shi ne ma'aunin yawan bayanan da za su wuce a daƙiƙa ɗaya. Kewaye yana samuwa ne idan aka haɗa kaɗawa biyu masu ƙarfi ɗaya, a gicciye, ɗaya tana bayan ɗaya da rubu'in zagaye, kuma da zarar mita ta gusa wannan daidaito yakan lalace, da'irar ta koma siffar ƙwai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin tsawo da faɗin wannan siffa ya wuce desibel 3. Shafaffiyar eriyar tagulla da ake bugawa a kan allon lantarki, wadda Robert Munson ya yaɗa a farkon shekarun 1970, tana da araha da rashin nauyi, amma idan an yanke kusurwoyinta biyu don ta murɗa igiya, kewayen ba ya wuce kusan kashi 1 cikin 100 na mitarta. A tsakiyar shekarun 1980 masu bincike a Japan, da John Huang a Amurka, suka nuna mafita: a jera eriya huɗu, kowace an juya ta digiri 90 daga maƙwabciyarta, a kuma jinkirta saƙonta gwargwadon haka, sai kurakuransu su kashe juna, zangon ya faɗaɗa ninki da yawa.

Amfanin wannan aiki yana cikin karkarar Kano a yau. Saƙon GPS da ake auna gona da shi yana saukowa a kan megahaz 1575.42 yana murɗawa ta dama. Nijeriya ta harba tauraron sadarwarta NigComSat-1 daga Sin a watan Mayun 2007, ya lalace a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. A Janairun 2023 Nijeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink ya fara aiki, kuma farantinsa jerin ɗaruruwan ƙananan eriya ne masu kaɗawa mai kewaye, waɗanda ke bin taurari masu gudu ba tare da an saita su da hannu ba, saɓanin kwanon DStv da dole mai haɗawa ya murɗa kansa har hoto ya fito.

Ɗan wannan yanki, Farfesa Umar Garba Danbatta, malamin injiniyan lantarki daga Jami'ar Bayero, shi ya shugabanci Hukumar Sadarwa daga 2015 zuwa 2023, kuma a zamaninsa aka fitar da tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 da ya sa burin megabit 10 a daƙiƙa ga karkara, 25 ga birane. Cimma irin wannan buri a makarantu da asibitocin ƙauye yana buƙatar eriya mai araha, mai jure ƙurar hunturu da zafin bazara, wadda ba ta lalata saƙo don iskar damina ta karkata ta. Kayan haɗa ta allon tagulla ne da lissafi mai kyau, kuma jami'o'in Kano da Wudil da Zariya suna yaye ɗaliban da za su iya wannan lissafi, matuƙar an ba su ɗakunan gwaji da kuɗin bincike, an kuma auna ƙirarsu a gonakin da za ta yi aiki.