Skansen: Tarihin Ƙaurar da Gidajen Karkara a Suwidin

Skansen gidan tarihi ne na fili da ke tsibirin Djurgården a Stockholm, babban birnin Suwidin. An buɗe shi ranar 11 ga Oktoba, 1891. A yau yana da gine-gine kusan 150 da aka kwaso daga sassan ƙasar, a fili mai faɗin hekta 30.

Wanda ya kafa shi Artur Hazelius ne (1833–1901), malami kuma masanin harshe. Da ya zaga lardin Dalarna a 1872, ya ga yadda masana'antu da ƙaura zuwa birane da Amurka ke cinye rayuwar ƙauye. Sai ya shiga tara tufafi da kayan aikin manoma, ya baje su a Stockholm a 1873, tarin da daga baya ya zama gidan tarihin Nordiska museet. Amma kayan da aka jera cikin akwatin gilashi ba su nuna yadda mutane suka zauna ba, don haka ya ƙudurta ɗauko gidajen kansu. Sarki Oscar II ya riga ya gwada irin wannan kusa da Oslo tun 1881.

Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne yadda ake gini a karkarar Suwidin. Ana jera gungumen itace bisa juna, a sassaƙa bakinsu su sarƙe a kusurwa, a cusa gansakuka tsakaninsu don tare sanyi. Masassaƙa kan sa wa kowane gungume lamba, su warware gidan daga rufi zuwa tushe, a ɗauke shi, sannan a sake haɗa shi bisa lambobin. Gidan farko da Hazelius ya saya shi ne wata bukkar manoma daga Mora, a 1885.

Daga nan filin ya yi ta faɗaɗa. A 1896 aka kawo gidan gona na Oktorp daga Halland, mai rufin ciyawa. Bayan rasuwar Hazelius, wanda aka binne a Skansen, magadansa suka ci gaba. Cocin katako na Seglora, wanda aka gina wajen 1730, an yi niyyar rushe shi bayan jama'arsa sun gina sabo na dutse. A 1916 aka ƙaurar da shi, kuma har yau ana ɗaura aure a cikinsa. A shekarun 1930 aka kawo gidan masu sarauta na Skogaholm, aka kuma kafa unguwar birni mai shagunan masu sana'a, har da masu hura gilashi da masu ɗab'i.

A 1963 Skansen ya rabu da Nordiska museet ya tsaya da ƙafarsa. A yau ma'aikata sanye da tufafin zamanin da suna gasa burodi da saƙa a cikin gidajen, ana kuma kiwon dabbobin arewacin Turai. Ƙasashe da dama, ciki har da Poland da Holan, sun kafa nasu gidajen tarihin bisa wannan tsari.